An ce mu kawo 280,000 gobe a yi wa Baba aikin ƙaba, ku ba ni shawara

Sani Rumde Ajiya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara. Babanmu ne ke fama da ƙaba ta ɓangaren dama, ta daɗe a jikinsa, da in ya kwanta komawa take da kanta, yanzu kuma sai ya danna da hannu take shiga, in ya jima tsaye a kasuwa kuma ta dinga masa ciwo kenan. Yau muka kai shi wata kilinik nan cikin Garwa, ba zan kama suna ba, dokta ya duba yace sai aiki, mu kawo sefa 280,000 gobe da safe a shiga da shi. Yayana yace mu haɗa mu biya kawai a huta, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya don ko takarda ba su ba mu ba, da baki aka faɗi kuɗin a bakin ƙofa. Tsoho ne ya haura 65 ga hawan jini. Mu biya ne ko mu nufi asibitin gwamnati?

Goggo Dudu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne.

Ɗan Yelwa: Amin Goggo. Kai Sani in Allah ya hore muku ku biya kawai. Na gwamnati tun asuba za ka kama layi, ka sayi karne, wato littafin asibiti, ka biya nan ka koma can, ƙarshe a ba ka randebu wata mai zuwa, ranar ta zo a ce dokta ya tafi taro Yawunde. A kilinik kuɗinka ne ke magana, ɗaki da fanka, anfirmiye, wato nas, na zuwa da kanta ba sai ka bi ta kana roƙo ba. Araha ba ta ado.

Majo Hamadu: Sani kafin maganar kuɗi amsa min wannan. Yanzu haka in ya kwanta ya danna tana komawa? Yana amai? Yana bayan gida, iska na fita?

Sani Rumde Ajiya: Tana komawa Majo, ba amai, ɗazu ma ya ci tuwonsa ya tafi masallaci isha'i.

Majo Hamadu: Toh alhamdulillahi. In haka ne wannan ba aikin gaggawa ba ne, aiki ne da ake shiryawa a tsanake, ba abin da zai sa a ce lallai sai gobe da safe. Ni a ɗakin tiyata nake aiki, abin da ido ya gani nake faɗa maka. Aikin ƙaba kansa ba wani babban aiki ba ne a hannun wanda ya iya, yawanci ma allurar baya ake yi, mutum idonsa biyu, daga cibiya zuwa ƙasa ne kawai ba ya ji. Abin tsoron shi ne a kwantar da tsoho mai hawan jini ba a daidaita jinin ba, ba a auna suga ba, ba a san yawan jininsa da rukuninsa ba, mai allurar barci bai taɓa ganinsa ba sai a kan tebur.

Gobe ka koma amma kar ka riƙe kuɗi, tambaya za ka je yi. Wa zai riƙe wuƙar, likitan tiyata ne ko doktan da ke duba kowane ciwo? A nan yake ko kiransa za a yi daga wani wuri, in kiransa za a yi, bayan ya ɗinke ya shiga motarsa wa zai kwana da Baba? Wa zai yi allurar? Akwai oksijen, akwai gurup, wato janareta, kuma da mai a cikinsa, don kun san yadda wuta take mana a watannin zafi in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Sannan su rubuta maka lissafi a takarda, 280,000 ɗin nan me da me ta ƙunsa, da magani da gado da wankin ciwo da ragar da ake sawa a ciki in za su sa, ko kuwa kuɗin hannun dokta ne kawai sauran ordonans, wato takardar sayen magani, za ta biyo baya. Kilinik ta gaskiya ba ta jin haushin waɗannan tambayoyin.

Amma ka ji wannan da kyau. In ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ciwo ya tsananta, ya fara amai ko ciki ya kumbura, to hanji ne ya maƙale, ko ƙarfe biyun dare ne ku ɗauke shi, kar a ba shi ko ruwa, kar wani yace zai danna ta da ƙarfi. Cikin 'yan awoyi hanjin ke fara mutuwa. A irin wannan daren inda bulok, wato ɗakin tiyata, yake buɗe da ma'aikata a ciki za ku nufa.

Ɗan Yelwa: Majo ai duk kanwar ja ce, likitan da zai yanka shi a na gwamnati da safe shi ne dai zai zo kilinik da yamma ya yanka shi. Bambancin kawai da yamma yana murmushi 😂

Majo Hamadu: Hannun ɗaya ne na yarda, amma ba hannu kaɗai ke aiki ba. Da safe yana da mutane a bayansa, bankin jini na nan kusa, in abu ya rikice akwai wani likitan a ɗaki na gaba. Da yamma a wata kilinik ɗin shi kaɗai ne sai yaron da ke miƙo masa almakashi. A wata kuma kayan aikinsu sun fi namu sabunta nesa ba kusa ba, wannan ma gaskiya ne. Shi ya sa nace ya tambaya.

Malam Bello Ngaundere: Ni inda nake ganin ana kuskure shi ne a ce asibitin kuɗi a haɗa kowa a buhu ɗaya. Asibitin Norbejiyen na nan Ngaundere ai ba na gwamnati ba ne, na mishan ne, tun 1957 yake, iyayenmu da yawa can aka yi musu aiki. Haka Meskin kusa da Marwa, haka Tokombere. Waɗannan suna da ɗakin tiyata na gaske da ma'aikatan kwana, har daga Cadi da Najeriya ana zuwa. Akwai kuma kilinik na likitocin da suka kashe dukiya suka sayi kaya, izinin ma'aikatar lafiya na manne a bango kowa na gani. Sai kashi na uku wanda shi ne bala'in, gidan haya ɗaki uku a lungu, an samu takardar buɗe wurin allura da wankin ciwo, wani ma ko takardar babu, anfirmiye ya sa farar riga unguwa na ce masa dokta, yau ya yi kaciya gobe ya tsaga maruru, jibi sai ka ji wai ya buɗe cikin mace. Likitan da ke aiki bisa ƙa'ida a ƙasar nan yana da lamba a ƙungiyar likitoci ta ONMC, yawanci ma tana jikin hatimin da yake bugawa. Sani ka buɗe karnen Baba ka duba.

Alhaji Mai Goro: Duk mun ji. Ni abin da ke ƙona min rai kosiyon ɗin nan ne, kuɗin da ake cewa a fara ajiyewa kafin a taɓa mara lafiya. Mutum na zubar da jini a bakin ƙofa ana ce maka wuce kes ka biya tukuna. Wace irin zuciya ce wannan fisabilillahi? Kuma ku duba, mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani 60,000 ne tun 2023, mai tura baro da mai sayar da ruwa ko wannan ba sa gani, ina za su samo dubu ɗari biyu tsakar dare?

Anti Aisha: Alhaji da girmanka, bari in faɗi namu ɓangaren tunda ni ce a kes ɗin wata kilinik, ni ake zagi kullum. Mu gwamnati ba ta biyan albashin ko mai shara, ba ta ba mu ko safar hannu. Zaren ɗinki saye, kwalbar oksijen saye, gazuwal na gurup saye, ga haya ga haraji, likitan da aka taso da dare kuma a hannu yake karɓar nasa ba ruwansa da sai gobe. Akwai littafi a durowata cike da waɗanda aka yi wa aiki a kan wallahi da safe za mu kawo, an bar mana katin ɗan ƙasa, wani ya bar takardar moto, har yau shiru. Wata mata tsakar dare aka yi mata sezariyen aka ceto ta da ɗanta, ana gobe sallama dangin suka fice da ita ta ƙofar baya da asuba, ko zaren ba a cire ba. Irinsu ne suka jawo wa na baya. Duk da haka a wurinmu mai jini ba a tsayar da shi a kes, sai an tsayar da jinin an sa ruwa sannan magana ta biyo baya. Ba zan rantse wa kowace kilinik ba dai.

Alhaji Mai Goro: 'Yata ban ce ke ba. Amma wanda ya gudu da kuɗinku Allah zai tambaye shi, wanda ya bar rai ya fita a kan benci shi ma za a tambaye shi.

Abakar Kusiri: Anti Aisha ni ba kosiyon ne ma ya dame ni ba, allon nan ne da kuke rubutawa irjans 24/24, wato gaggawa dare da rana. Ƙanina mota ta kaɗe shi a kan moto bayan isha'i, ƙafa ta karye har ƙashi ya leƙo, kai kuma ya bugu da kwalta. 'Yan moto suka kwashe shi sai kilinik mafi kusa don allonsu na ci da jar wuta ana hangowa daga titi. Muka tarar da maigadi a kan benci yana jin rediyo, ciki kuma wata yarinya 'yar koyon aiki ita kaɗai. Baiwar Allah ta yi iya yinta, ta sa masa ruwa ta naɗe ƙafar hannunta na rawa, tana ta kiran dokta a waya, yana hanya, yana hanya. Mai ɗaukar hoton ƙashi sai da safe. Yaron da ke mana magana da farko ya koma surutai yana lumshe ido. Da doktan ya iso kallo ɗaya ya yi masa yace wannan ba namu ba ne ku kai shi babban asibiti. Toh me ya hana a faɗa mana haka tun daga ƙofa? Kuma sai da muka biya kuɗin ruwan da bandejin kafin mu fita. Ga Injamena muna hango fitilunta amma an rufe gadar Ngeli, hanyar Marwa kuwa kun san Dabanga da Waza, ba mai binta da dare. Allah ya yi da sauran kwana ya tashi, ƙafar dai har yau ɗingishi. In ba ku da likitan kwana ku rubuta daga safe zuwa yamma kuke, ba wanda zai zage ku.

Anti Aisha: Wannan kam ba ni da bakin karewa Abakar. Allah ya ƙara masa sauƙi.

Majo Hamadu: Abakar ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Jama'a haɗarin da aka bugu a kai, ko ciki, ko ƙirji, ko ƙashi ya fito, kar ku tsaya gwada ƙananan wurare don suna kusa, ku miƙe inda ke da bulok da jini da hoto. Awa ɗayan da za a ɓata ana jiran yana hanya ita ce take tafiya da mutum. A danne inda ke jini da tsumma mai tsabta, a tallafe wuya da kai kar su yi ta lilo, kar a ɗura masa ruwa ko madara wai ya farfaɗo. Kuma dan girman Allah karayar da fata ta tsage ba ta mai ɗori ba ce, ƙafafun da muke yankewa da yawa daga can suke zuwa mana sun riga sun yi baƙi suna wari.

Malam Bello Ngaundere: Kar kuma a ɗauka a na kuɗi kaɗai ake wannan. Kun tuna Maris 2016 a Duwala, matar nan mai cikin tagwaye da 'yar'uwarta ta tsaga cikinta da reza a harabar babban asibitin gwamnati, ƙasa gaba ɗaya ta girgiza. Bayan nan ne aka yi ta nanata cewa mai gaggawa a fara duba shi kafin kuɗi. A 2019 kuma ministan lafiya Manaouda Malachie, ɗan arewan nan ne ma, ya hana a tsare marasa lafiya a asibitocin gwamnati don sun kasa biya. A Yawunde akwai cibiyar gaggawa ta CURY da Koriya ta taimaka aka buɗe a 2015, aikinta kenan dare da rana. Mu daga nan sai ka kwana a jirgin ƙasa kafin ka ga ƙofarta, na Marwa da Kusiri kuwa ba a magana.

Mahamat Injamena: Gaisuwa daga wannan ƙetaren. Mu a Cadi tun 2007 zamanin marigayi Deby aka ce duba na gaggawa kyauta ne a na gwamnati, amma in ka je dokta kyauta ne, sai ya miƙo maka ordonans ka fita neman farmasi da dare har safar hannun da zai sa. Asibitin Renaissance da aka buɗe 2013 akwai kaya amma sai mai ƙarfi, talaka Bon Samaritain na Waliya yake nufa ko ya tsallaka wurinku. Abin dariya ku kuna hango fitilunmu kuna cewa da an buɗe gada, mu kuma da safe layi muke a gadar za mu Kusiri da Marwa da Garwa neman lafiya. Masu hali da Sudan suke zuwa kafin yaƙin 2023, yanzu sai Masar da Tunisiya.

Mai Magani Domayo: Ɗan'uwa Sani kar ka bari a yanka Baba. Ina da maganin ƙaba sahihi gadon gidanmu, sha ne da shafawa, tana narkewa ba tiyata. Ka same ni ta gefe.

Admin: Malam mun sha faɗa ba a talla a nan. Wannan gargaɗi ne, in ka sake za a cire ka.

Majo Hamadu: Ƙaba ba ƙari ba ce balle ta narke. Ɓula ce a naman bangon ciki, hanji ke leƙowa ta nan. Ba abin sha da ke ɗinke ɓula. Na jarirai ta cibiya ce kawai takan rufe da kanta yayin da yaro ke girma.

Maman Hanifa: Ni dai tunda an zo maganar sezariyen bari in tuna wa mata. Shek sante na nan, takardar da mai ciki ke saya ta biya mata kuɗin asibiti, 6,000 ne kacal, tun 2015 ake yinsa a Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa. Awo, hoton ciki na eko, haihuwa, in ta kama a yi aiki duk yana ciki, har kwana 42 bayan haihuwa ke da jariri. Ni da shi aka ciro min Hanifa. Amma ba ko'ina ake karɓa ba, sai asibitin da ke cikin tsarin, ki tambaya tun ranar awon farko. Maƙwabciyata ta sayi shek ɗin ta ajiye a ƙasan akwati, naƙuda ta tashi mijin ya kai ta wata kilinik don wai ta fi tsabta, suka ce ba su san zancen ba, aka yi aiki sai da ya sayar da moton da yake nema da shi. Kuma ni wallahi ina zargin wasu kilinik ɗin da saurin yanka mata, kina shiga a ce yaro ya gaji.

Hajiya Fanta Ungozoma: Maman Hanifa zarginki ba a banza yake ba, akwai masu yi, kuɗin aiki ya ninka na haihuwa sau da yawa kuma ɗan adam ɗan adam ne. In ba jini ake ba kina da damar tambaya me ya sa, a nuna miki bugun zuciyar yaron, a faɗa miki buɗewar ta tsaya a nawa. Amma ni abin da na fi gani a arewan nan jinkirin aikin ne ke kashe mu. Mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida ana ba ta rubutu da jiƙo, a ɗauko ta a kan moto daga ƙauye, ta iso yaro ya riga ya tafi mahaifa na shirin fashewa, mu ce a sa hannu a shiga da ita, a ce maigidan ya tafi cin kasuwar Adumri kuma wayarsa ba ta shiga, ƙaninsa yace shi ba zai sa hannu ba, uwar miji tace a danginsu ba a yanka mace. Mu tsaya muna kallon agogo. Masu yoyon fitsari da kuke gani yawancinsu doguwar naƙuda ce ta jawo musu. Maza in za ku yi tafiya matarku na wata tara ku bar wa wani izini da baki a gaban shaidu, ku bar kuɗin mota a hannunta.

Goggo Dudu: Fanta Allah ya biya ki. A faɗa musu dai.

Sani Rumde Ajiya: Jama'a na gode ƙwarai. Na koma da safen nan na yi yadda Majo yace. Ba su ji haushi ba gaskiya, matar kes ta rubuta min. Ashe 280,000 ɗin aiki ne da allura da gado, magani da gwaje-gwaje da raga daban. Likitan tiyatar daga wani asibiti yake zuwa in ya tashi aiki, da dare anfirmiye ɗaya ke kwana. Gurup akwai na gani da idona. Jini ba sa ajiyewa, in an buƙata mu za a aika mu nemo. Na sa aka sake auna Baba hawan jininsa ya kai 18/10, doktan da kansa yace a dakata a sauko da shi tukuna, ya rubuta magani. Yayana har yanzu yana kan a yi a can don an mutunta Baba, ni kuma ina son mu ji bakin wani likitan kafin nan.

Majo Hamadu: Madalla, kuma doktan ya kyauta da ya dakatar. Ku ji bakin na biyun ba laifi ba ne. Ya sha maganin kullum, a rage gishiri da magi, kar ya ɗaga kaya mai nauyi. In yana tari ko yana yunƙuri wajen fitsari ku faɗa wa likita, tsofaffi da yawa wannan ke turo ƙabar kuma shi ke dawo da ita bayan aiki.

Ɗan Yelwa: Ko ku tsallaka Yola mana, tunda naira ta faɗi sefa ɗinka zai yi auki a can.

Malam Bello Ngaundere: Mutane na yi, amma a lissafa da mota da masauki da abincin mai jinya da shingayen hanya. Sannan in ciwon ya yi ruwa bayan an dawo gida wa zai duba? Likitan nan zai ce koma wurin wanda ya yanka.

Bintu Domayo: Ni tawa ba ta tiyata ba ce, ta zuwa ganin dokta ce kawai a dawo gida. A nan kam kilinik sun fi, ba layi, da yamma bayan an tashi kasuwa ma za ki samu dokta. Amma me ya sa duk wanda ya shiga da zazzaɓi sai ya fito da palu, wato zazzaɓin sauro, da tifoyid? Ni, mijina, yarana, har kakarmu, sakamako iri ɗaya. Sai ordonans mai magani bakwai kuma a ce a farmasinsu za ki saya.

Majo Hamadu: 😂 Bintu kin taɓo gidan rina. Gwajin tifoyid ɗin da aka fi yi, Widal, ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jiki ya bari yake gani, wanda ya taɓa yi da daɗewa ma zai iya nunawa, wani lokacin zazzaɓin sauro kansa na sa ya nuna. Shi kaɗai bai isa a ɗora wa mutum maganin kwana goma ba. Tifoyid ta gaskiya kuma ba wasa ba ce, tana huda hanji, muna buɗe yara a kanta. Ordonans kuwa taki ce, kina da ikon fita da ita ki saya inda kika ga dama, ki ce a ba ki jenerik, wato irin maganin amma mai araha. Amma ku ma kuna da naku. In dokta yace je ki sha ƙwaya kwana uku sai a fita ana cewa bai iya aiki ba, ko ruwa bai sa min ba. Mai kilinik ya gane abin da kuke so kenan, sai ya rataya muku leda mai ruwan ɗorawa, bitamin ne kawai aka zuba ya canza kala, a kwanta awa biyu a biya a fita ana yabonsa.

Bintu Domayo: Kai Majo ka tona mana asiri, wallahi kakarmu in ba a sa mata mai kalar nan ba cewa take ba a duba ta ba.

Malam Bello Ngaundere: Ga masu ƙananan yara kuma, tun Afrilu 2023 da aka ƙaddamar da CSU, shirin gwamnati na kula da lafiyar kowa, yaron da bai kai shekara 5 ba ganin likita kyauta ne a wuraren da ke cikin tsarin in an yi masa rajista, haka maganin zazzaɓin sauro. Wankin ƙoda ma ya koma 15,000 a shekara. Aikin ƙaba da haɗarin moto dai ba sa ciki, aljihunka ne.

Hajiya Fanta Ungozoma: Maganar jinin da Sani ya faɗa ita nake so kar ta wuce. Ko na kuɗi ko na gwamnati, in aka ce jini dangi ake cewa su kawo masu bayarwa, sau da yawa mutum biyu kan leda ɗaya. Za ki ga maza cike da harabar asibiti sun zo dubiya da kwanukan abinci, ana cewa jini sai kowa ya tuna bai yi sallah ba. Wasu tsoron gwajin suke, don sai an duba ciwon hanta da ƙanjamau kafin a ɗiba, kuma ciwon hanta na da yawa a yankin nan, cikin waɗanda suka yarda ma sai a mayar da wasu. Mace mai zubar jini bayan haihuwa ba ta jiran a gama wannan shawarar.

Alhaji Mai Goro: To Admin me zai hana mu yi wani abu a nan? Mu nawa ne a gidan nan. Kowa ya faɗi rukunin jininsa a ajiye, in ta taso a kira. Ni tsufa ya hana ni amma kuɗin moton wanda zai je na ɗauka.

Admin: Shawara mai kyau Alhaji. Kowa ya turo min ta gefe, suna da rukuni da lamba, kar a zuba lambobi a nan.

Abakar Kusiri: A raba gari-gari dai Admin, mai O na Garwa ba zai amfane ni a Kusiri da dare ba. Ni B ne, sa ni.

Ɗan Yelwa: Ni fa ban san nawa ba, a ina ake dubawa kuma nawa ne?

Majo Hamadu: Kowane labo na yi, ɗigon jini ne a yatsa, kafin ka gama shan shayi an ba ka. In ka je bankin jini ka bayar kuwa a nan za su duba maka ba ka biya komai ba. Sharaɗi ka kai shekara 18, nauyi kilo 50, kuma ka ci abinci kafin ka je. Namiji na iya bayarwa duk bayan wata uku.

Maman Hanifa: Mai shayarwa fa Majo?

Majo Hamadu: A'a ki bari sai kin yaye. Ki turo mana baban Hanifa.